Ƙwai Huɗu a Ƙarƙashin Tankin Subira

Faza, 9 ga Safar

Kawu Famau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidanka. Mu nan lafiya lau. Tarin Inna ya yi sauƙi. Gwiwar Kaka tana nan yadda ka san ta, in gari ya yi sanyi ya zagi gwiwar, in ya yi zafi ya zagi rana.

Kawu, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Na sauka cikin jirginmu Subira. Ba saman katako inda mata ke zama ba, can ƙasa, ƙarƙashin dakalin baya inda tankin mai yake. Ka san abin da Kaka ke cewa, tun zamanin kakansa mace ba ta taka ƙashin jirgi, in ta taka jirgin zai daina jin magana. Wallahi ba raini ba ne. Kazar Inna ce ta ja min.

Wata guda ke nan da aka jawo Subira kan yashi aka tokare shi da itace, saboda ruwan da yake sha ta baya. Jar kazar nan ta daina yin ƙwai a kwandonta, Inna ta ce in bi ta in ga inda take kai su. Jiya Juma'a, maza duk suna masallaci, na ga ta hau katakon da aka jingina ta faɗa cikin jirgi. Na yi ta kira daga sama, ta ƙi fitowa. Ba kowa a bakin teku sai jakuna. Sai na ɗaure zanena na sauka.

Wurin matsattse ne, babban mutum ba zai shiga ba sai an cire katako. Na ja ciki na miƙa hannu. Ƙwai huɗu na samu, daidai ƙarƙashin tanki. Uku farare ne, ɗaya kuwa rabinsa ya yi ruwan ƙasa, yana sulɓi. Da na shafa gindin tankin sai hannuna ya jiƙe, tsatsa ta biyo yatsuna ɓawo-ɓawo. Sai da na yi nisa da jirgi na sansana hannun. Dizal ne, Kawu.

A cikin jirgin ba a jin sa ko kaɗan. Warin sifa, man hantar kifin nan da Kaka ke shafa wa katako, ya danne komai. Bana ma sau biyu ya shafa, wai ko ruwan zai ji tsoro.

Bwana Kombo mai gyaran jirgi, abokin Kaka, ya toshe tsagar bayan da auduga da ƙaro har sau biyu, tana sake buɗewa. Na ga tsohuwar audugar da ya zaro ya yar a yashi, ta yi baƙi ta yi laushi, ƙaron ya narke kamar ba a taɓa sa shi ba. Inda ya zaro ta, nan ne ƙarƙashin inda ƙwan suke. Ban sani ba ko mai yana cin ƙaro. Kai ne ka san waɗannan abubuwa.

Na binne ƙwan a yashi, na ce wa Inna hankaka ne ya kwashe. Allah Ya yafe min.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, Kaka ya riga ya yi wa mutane alkawarin kai su Maulidin Lamu ƙarshen watan gobe. Mutum wajen arba'in, har da tsofaffi da masu goyo. Inna ma za ta je, da ni. In na yi magana za a tambaye ni yadda aka yi na sani. Kai ne ka sa tankin nan, kuma Kaka ya sha cewa ƙarfen ne zai ci Subira, shi ya sa na ga kai ya kamata ka fara ji. Me zan yi?

Ka yi haƙuri da rubutuna.

'Yarka,
Somoe

*

Mombasa, 17 ga Safar

Somoe,

Wa alaikumussalam. Muna lafiya, aiki a tashar jiragen ruwa ya yi yawa amma mun gode Allah. Na ji daɗi da tarin Yaya Mwanaesha ya yi sauƙi, ki ce mata ta rage zama kusa da hayaƙi.

Na karanta wasiƙar. Rubutunki ne, amma na san muryar. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da na ɗora wa Subira inji, Baba ya tsaya a gaban duk mutanen bakin teku ya ce in jirgin nan ya mutu ƙarfena ne ya kashe shi. Ga maganar ta sake biyo ni cikin ambulan, an ɗaura mata kaza. Ke da in baƙo ya yi sallama sai ki ɓoye bayan randa, ke ce za ki sauka ƙasan jirgi?

Ki faɗa wa wanda ya tsara miki labarin nan cewa ƙarfen tankin mai kauri ne. Da hannuna na yi waldarsa, na cika shi da ruwa kwana uku bai ɗiga ba. In Kombo ya tsufa ya kasa buga auduga, a nemi wani. In kuma Baba yana da magana da ni, ya faɗe ta da sunansa, kada a riƙa sa yarinya a gaba.

Ba da ke nake fushi ba. Ga biro biyu nan na sako miki.

Kawunki,
Famau

*

Faza, 25 ga Safar

Kawu,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Biro sun iso, na gode, da shuɗin nake rubuta wannan.

Da na gama karanta wasiƙarka na shiga banɗaki na yi kuka kaɗan, sannan na wanke fuska. Na san duk wasiƙun da kake samu daga gida hannuna ne amma bakin Inna ne, to ban ga laifinka sosai ba. Amma waccan tawa ce ni kaɗai. Kaka bai san da ita ba. Da ya sani, da yanzu ba na zaune lafiya ina rubutu.

Ka buɗe ƙaramar takardar da na naɗe a ciki. Akwai ɓawon tsatsar da ya maƙale min a farce ran nan, da guntun audugar da Bwana Kombo ya yar. Ka kai su hancinka. Na sa gashin kazar guda ɗaya, don ka san ita ma tana nan da ranta.

Jiya na kai musu shayi bakin teku. Bwana Kombo yana buga auduga karo na uku, Kaka yana zaune kan kifaffen kwale-kwale yana kallon sa.

Ya ce, "Kombo, audugar nan taka, ba ta matashin matarka ka sato ba kuwa?"

Bwana Kombo bai ko ɗago ba ya ce, "Lali, jirginka ne ya bi mai shi. Ta gaba gunaguni, ta baya yoyo."

"Ni ne nake yoyo ta baya?"

"Ka tambayi waɗanda ke tsayawa bayanka a sahu."

Ka yafe min da na rubuta wannan, haka suka faɗa. Kaka ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Sai ya juyo ya gan ni tsaye da buta, ya ce, "Amaryata, kwana biyu kina kallon mijinki kamar kin ga aljani. Ko saurayi kika samu kin rasa yadda za ki ce in sake ki?"

Kawu, maganar ta zo har bakina. Ina kallon wurin da Bwana Kombo ke bugawa, na san abin da ke samansa. Amma akwai maza biyar a wurin, duk sun juyo suna jira in ba shi amsa su yi dariya. Sai na ce sukari ne na manta, na gudu gida.

Kaka ya ce in ruwan teku ya cika ya hau yashi a tsakiyar watan gobe za a tura jirgi, a cika tanki. Yanzu ɗan kaɗan ne ya rage a cikinsa. Ni dai na san randa mai tsaga ta fi zuba in an cika ta. Ina jiran amsarka.

Somoe

*

Mombasa, 3 ga Rabi'ul Auwal

'Yata Somoe,

Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Ki yafe min. Na buɗe takardar a wurin aiki, kafin ma in kai ta hanci na ji. Na zauna kan benci da gashin kaza a hannu, abokan aiki suna tambaya ko tsafi aka aiko min.

Kin yi gaskiya, mai yana narkar da ƙaro. Ko sau goma Kombo ya buga, sai ta buɗe. Waldata ba ta buɗe ba, amma laifin nawa ne. Na ɗora tankin kai tsaye a kan katako ban sa roba a tsakani ba. Ruwan gishiri ya riƙa kwanciya a wurin, tsatsa ta ci ƙarfen daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A lokacin ban sani ba, yanzu na sani.

Ki saurara da kyau. Dole Baba ya ji, kuma yau, ba gobe ba. In kina tsoro ki ce ni na tura ki kika sauka, fushin ya zo kaina, na saba. Kada a zuba mai ko kofi ɗaya.

Abu mafi muhimmanci: kada a kai wuta kusa da tankin nan. Na san Kombo. Zai ce a ɗaga shi kaɗan ya liƙe ramin da dalma a nan inda yake, yadda yake yi wa garwar ruwa. Katakon wurin ya sha dizal shekara da shekaru, ga sifa a kai. In harshen wuta ya taɓa shi, Subira zai ƙone ƙurmus da wanda ke ciki. Kuma dalma ba ta mannewa a kan tsatsa. A cire katakon dakali, a fito da tankin gaba ɗaya.

In an fito da shi, a auna gurbin da igiya, tsawo da faɗi da zurfi, a ƙulla ƙulli a kowane, a aiko min da igiyar. Kada a auna da taƙin hannu, hannun kowa daban ne. Zan ƙera sabo. Ba zan samu fitowa ba sai jirgin da muke gyara ya tashi, ƙarshen wata.

Kawunki,
Famau

*

Faza, 11 ga Rabi'ul Auwal

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai ruwan sama da ake ta yi, gwiwar Kaka ta kumbura. Har yau ban ga amsarka ba. An ce kogin Tana ya shanye hanya, motoci sun tsaya a Garsen. Ina faɗa wa kaina dalilin ke nan. Wani lokaci kuma sai in ce ko har yanzu ba ka yarda da ni ba ne.

Na kasa jira. Na faɗa wa Kaka.

Ga yadda na yi. Na san in baki kawai na kai, za a ce yarinya ce. Sai na ɗauko farar rigata ta makaranta, wadda ke cikin akwati tun da na gama firamare bara, na yanke hannu ɗaya. Ranar Juma'a na sake sauka na shimfiɗa shi inda ƙwan suke. Ranar Lahadi ruwa ya kori kowa daga bakin teku, na koma na ɗauko. A tsakiyarsa akwai tabo mai faɗin tafin hannuna.

Bayan la'asar na same shi a zaure yana gyaran ƙugiya, Bwana Kombo yana gefe yana shan gahawa. Na durƙusa na ajiye ƙyallen a gabansa. Kaka ya kalli ƙyallen ya ce, "Amarya, kayan lefe kika dawo min da su?" Sannan na faɗi komai, da kaza, da ƙwai, da hankakan da na yi wa ƙarya. Kaina yana ƙasa, yatsun ƙafarsa kawai nake gani.

Ya ajiye ƙugiyar. Sai ya ce, "Sau nawa?"

Na ce, "Uku."

"Da ƙafarki?"

Bwana Kombo ya ce, "A'a, da fiffike. Lali, ba ni ƙyallen nan."

Amma Kaka ya riga shi ɗauka. Ya kai hanci ya ja numfashi, ya sake ja. Na ɗago ina kallon sa. Kawu, fuskarsa ba ta canja ba, alhali ni daga inda nake durƙushe ina jin warin. Ya miƙa wa Bwana Kombo ya ce, "Kai me ka ji?" Bwana Kombo ya sansana ya kau da kai yana tari, ya ce, "Innalillahi! Wata uku kana zagin audugata, ashe cikin jirginka ne ke zawo!"

Kaka bai yi dariya ba. Ya ce in tashi in tafi. Tun ranar bai ce min amarya ba, bai kuma yi min faɗa ba. In na kawo abinci sai ya ce in ajiye. Da dai ya yi faɗan. Inna ta ce ƙwanta huɗu ne suka fi ba ta haushi.

Duk da haka hankalina ya kwanta, don an samu mafita. Bwana Kombo ya ce abu ne mai sauƙi. Ranar Asabar zai ɗaga tankin kaɗan da itace, ya kunna fitilarsa mai famfo ta narka dalma, ya liƙe ramin da dalma a nan inda yake, ba sai an ɓalle dakali ba. Ya ce garwa ɗari ya yi wa haka. Litinin a tura jirgi. Alhamdu lillahi, ka ga ba sai na ƙara damun ka ba.

Somoe

*

Faza, 17 ga Rabi'ul Auwal

Kawu,

Ina gaisuwa, kowa lafiya, lafiya ƙwarai. Bari in faɗa maka a jere don kada in rikice.

Wasiƙarka ta iso ranar Asabar da hantsi. Hanya ta buɗe, jirgin Lamu ya kawo jakar wasiƙu, mai kanti ya miƙo min ita da na je sayen ashana. Ambulan ɗin ya jiƙe ya bushe, tawada ta ɗan baje, amma ana karantawa. A ƙofar kanti na buɗe. Da na zo wurin wuta, ban san lokacin da na yar da ashanar ba.

Ban taɓa gudu a cikin gari ba tun ina ƙarama. Takalmina ɗaya ya tsaya a laka, ban koma ba. Da na iso, Bwana Kombo yana tsugune a cikin jirgi yana buga wa fitilar famfo, wutar ta riga ta koma shuɗiya. Maza sun fi goma a gefe. Na ce, "Baba Kombo, ka kashe!" Ni kaina ban gane muryar ba.

Ya leƙo ya ce, "Wannan kuma wace ce? Somoe mai magana ce aka kawo mana daga Lamu?"

Na ce wasiƙar Kawu ce. Kaka ya ce, "Karanta." Na ce a gida. Ya ce, "Nan." Sai na karanta a gaban kowa. Wurin da ka ce in ce kai ka tura ni, na tsallake shi, tun da na riga na faɗi gaskiya. Da na zo inda ka ce laifin naka ne, Kaka ya ɗaga hannu ya ce, "Koma baya." Na sake karantawa. Ya ce, "Haka ya rubuta, ko ke kika ƙara?" Na ce haka ya rubuta. Ya juya yana kallon teku.

Bwana Kombo ya fito da fitilarsa yana ƙunƙuni, wai yaron da ya goya a kafaɗa ne zai koya masa wuta. Amma ya sa kurfi ya feƙe ɗan katako daga ƙarƙashin tanki, ya yi nisa kan yashi, ya kara masa fitilar. Kawu, kafin ya janye hannu ya kama, ɓus, har ya ƙone masa gashin yatsu. Ya tsaya yana kallon sa har ya cinye. Sai ya kashe fitilar ya ce, "To, a kawo guduma."

Har azahar suna ɓalle dakali. Mutum huɗu suka ɗago tankin suka kifa shi a yashi. Ta sama lafiya lau yake, waldarka tana nan kamar jiya aka yi. Ta ƙasa kuwa Bwana Kombo ya danna da babban yatsa, yatsan ya shige.

An wanke wurin da toka da ruwan zafi kwana biyu, an canja katako ɗaya, an buga sabuwar auduga. Kaka ya ce wa mutane Maulidi yana nan, amma da tanga, babban zanen nan da iska ke turawa, za a je kamar zamanin da, iska ta busa a tafi, ta tsaya a tsaya. Mai sauri ya nemi wani jirgin. Mutum tara sun janye.

Sai maganar awo. Jiya da safe ya ɗauko igiya, ya tsaya a bakin gurbin, gwiwa ta hana shi sauka. Akwai maza a wurin. Amma ni ya kalla ya ce, "Amarya, sauka ki riƙe min bakin igiya." Na ce, "Kaka, ƙashin jirgi ne fa." Ya ce, "Sau uku kin taka shi bai daina jin magana ba. Na huɗun ne zai kashe shi?"

Igiyar tana cikin ambulan. Ni na riƙe, shi ya ƙulla. Ƙulli na farko tsawo, na biyu faɗi, na uku zurfi. Na tambaye shi ko akwai saƙo, ya ce igiyar ta isa.

Somoe

*

Mombasa, 24 ga Rabi'ul Auwal

'Yata,

Mun gode Allah da kuke lafiya. Wasiƙunki biyu tare suka zo. Na fara da ta sha ɗaya ga wata, da na kai wurin fitilar Kombo sai na ajiye ta na yi maza na buɗe ta biyun.

Na ga igiya. Ba sai kin ce shi ya ƙulla ba. Ƙullin nan mai ninkakken wutsiya, shi ya koya min ina shekara bakwai, ya sa na yi ta maimaitawa har yatsuna suka yi jini. Na yanka ƙarfe jiya. Ni da kaina zan kawo tankin, tsakiyar watan gobe in sha Allah. Shekara shida ke nan ban taka Faza ba.

Akwai wata magana. Na yi shawara da matata, ta yarda. Akwai makarantar 'yan mata kusa da gidanmu, suna ɗaukar sababbi farkon shekara. Yarinyar da ta gano abin da ya gagari manya, bai kamata karatunta ya tsaya a firamare ba. In kina so, in na zo sai mu dawo tare. Ki yi tunani kafin in yi wa Yaya maganar.

Kawunki,
Famau

*

Faza, 4 ga Rabi'us Sani

Kawu,

Ina gaisuwa. Mun je Maulidi mun dawo lafiya. Inna ta ɗan yi mura, ta warke.

Tafiyar da inji ke yi kafin azahar, sai da muka yi yini guda. A mashigin Mkanda iska ta ɗauke, ruwa ya janye, muka zauna jira. Mata suka buɗe tukwanen shinkafa, tsofaffi suka fara yabon Annabi tun kafin a isa. Bwana Kombo yana ta ɗaga katako yana leƙa ƙasa, ko cikin cokali bai samu na kwarfewa ba. Duk wanda ya zo kusa sai ya nuna masa ya ce, "Ga audugar matashin matata." Da iska ta dawo ta cika tanga, na ga Kaka riƙe da sitiyarin katako yana murmushi shi kaɗai.

Na faɗa masa za ka zo. Ya ce, "Ya taho da robarsa." Daga baya na ji yana ce wa Inna a ajiye jar kazar nan kada a yanka, a nemi zakara domin baƙo.

A Mkanda ne ya kira ni kusa da shi, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kin gani ran nan, ko?" Na ce na gani. Ya ce tun zazzaɓin bara hancinsa ya mutu, ko turare ko ruɓaɓɓen kifi duk ɗaya ne a wurinsa. Inna ba ta sani ba, Bwana Kombo ma bai sani ba. Yana tsoron in mutane suka ji su daina hawa jirginsa. Kai kaɗai na faɗa wa, don ɗansa ne kai, kuma don ka gane abin da zan rubuta yanzu.

Na gode da maganar makaranta. Na karanta wurin sau da yawa, har na iya shi a ka. Ina son karatu, Kawu. Amma ko sabon tanki wata rana zai tsufa, ga bututu, ga inji, kuma za a ci gaba da shafa sifa duk shekara. Dole wani ya riƙa sauka yana sansanawa, wanda ba zai tona shi ba. Ba zan biyo ka bana ba. Kada ka ɗaga maganar a gaban Inna. In ka zo, ka nuna min duk inda mai ke bi daga tanki zuwa inji, ka kuma taho min da littattafan da 'yan ajin farko ke karantawa, in akwai tsofaffi.

Yau da safe na buɗe akwati na yanke ɗaya hannun rigar. Na wanke shi, na goge, na ninke. Shi zan shimfiɗa ƙarƙashin sabon tankin.

'Yarka,
Somoe